Masaƙan Ɓawo na Ƙetaren Farin Daji

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasashe, ya raba wa kowace halitta mazauninta, ya yanka wa kifi iyaka a cikin ruwa, ya yanka wa ƙwaro iyaka a ƙarƙashin ɓawo. Ku gyara zama ku ji abin da ya same ni, ni Korau ɗan Nomau, mutumin Maɗaura, a shekarar da toka ta sauko mana daga sama.

Maɗaura gari ne can bayan tekuna, a gindin wani tsauni da muke kira Gurnani. Ƙasarmu tsakuwa ce zalla, hatsi ba ya yi a cikinta. Abin da ya riƙe mu tun kaka da kakanni shi ne itacen dumɓa, dogon itace mai 'ya'ya kamar ƙwarya, waɗanda muke dakawa mu yi tuwo, mu matse ƙwayarsu mu sami mai. Shi kuma dumɓa abin da ya riƙe shi wasu 'yan ƙwari ne da muke kira masaƙa. Ɗayansu bai fi ƙwayar shinkafa tsawo da kaɗan ba, siririn jiki da gajerun ƙafafu. Gizo-gizo daga cikinsa yake fitar da zare, su kuwa daga ƙafafunsu na gaba zaren yake fita, waɗanda suka kumbura kamar dunƙulen hannu. Sukan saƙa farin mayafi a jikin itace su zauna a ƙarƙashinsa, suna cin gansakukan da ke tsirowa a ɓawo. In ka sa yatsa ka taɓa mayafin sai ka ga sun ruga da baya-da-baya, ba sa tsayawa juyawa.

A tsakiyar ranin wannan shekara Gurnani ya yi aman wuta. Wutar ba ta iso gari ba, amma toka mai zafi ta yi ta sauka har ta binne ƙofofin ɗakuna. Da muka share itatuwa, sai muka tarar mayafin ya ƙone ƙurmus, babu masaƙi ko ɗaya da ya rage da rai. Kowa ya san abin da ke tafe. Da zarar damina ta faɗi gansakuka zai lulluɓe ɓawo, babu mai cin sa, ɓawon ya ruɓe, itacen ya mutu a tsaye. Mun gwada kankarewa da wuƙa a wasu shekaru da masaƙa suka yi ƙaranci, sai wuƙar ta fi gansakukan ɓarna.

Akwai wata tsohuwa a garinmu, Inna Barmani, wadda ta bi fatake a ƙuruciyarta. Ita ta faɗa wa taron gari cewa masaƙa dangi ne masu yawa, kowane dangi da ƙasarsa, kuma ta ga saƙarsu da idonta a yamma, bayan Hamadar Faifai. Amma ta ce ba ta san wane dangi ne zai karɓi itacenmu ba, sai an je an gwada. Yayata Tasalla, wadda ta fi kowa a garin iya hawan dumɓa, ta miƙe ta ce za ta je. Ni ba jarumi ba ne, amma ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ban iya zama in ga ta tafi ita kaɗai ba. Muka ɓare ɓawon dumɓa mai gansakuka muka ɗaure a kaya don gwaji, muka ɗauki gora mai faɗin baki, muka kama hanya, bazara tana gab da shigowa.

Hamadar Faifai babu rairayi a cikinta. Duwatsu ne masu faɗi kamar faifai, shimfiɗe iyakar ganinka, rana tana dukan su har iska tana rawa a kansu. Muna cikinta salkarmu ta tsage a kan kaifin dutse, ruwan ya tsiyaye kafin mu ankara. Muka ci gaba da tafiya, harshena ya bushe har na kasa haɗiyar yawu. Duk inda na waiwaya sai in ga kamar hanyar da muka baro ta fi kusa, na yi ta roƙon Yaya mu koma. Ita kuwa sai dai ta tsaya ta ɗaga dutse, ta leƙa, ta mayar, ta wuce.

Can ta kira ni. A ƙarƙashin wani dutse ga farin zare an saƙa shi kamar bututu, ya nutse cikin tsagar ƙasa. Ta ce duk ƙwaron da ke raye a wannan zafi, to inda ya dosa akwai danshi. Muka yi ta ɗaga duwatsu muna bin inda saƙar ta fi yawa, har ta kai mu wani kwari inda kusan kowane dutse yake da ita. Nan muka haƙa da wuƙa da farce. Ƙasar ta fara duhu, ta koma laka, sannan ruwa ya taru a ƙasan ramin, ja kamar an jiƙa kanwa. Muka sha, muka gode Allah.

A cikin ramin nan muka sami masaƙan, jajaye-jajaye, launin ƙasar da suke ciki. Na ɗora su a kan ɓawon dumɓa. Suka yi 'yan kewaye-kewaye, ba wanda ya ko sunsuni gansakukan, ɗaya bayan ɗaya suka faɗo ƙasa suka shige tsaga. Muka sake kamowa, suka sake faɗowa. Wani makiyayin raƙuma da ya zo kwarin, dattijo mai suna Dogara, ya zuba mana ido har muka gaji, sannan ya ce mu daina wahalar da kanmu, waɗannan dangin dutse ne, busasshiyar ciyawa suke ci, tun da yake bai taɓa ganin ɗayansu ya hau itace ba. Ya ce in masu hawan itace muke nema, mu nufi kudu maso yamma har mu ƙetare Baƙin Kogi. Ya ba mu tsohuwar salka, ya ƙi karɓar komai. Da muka fito daga kwarin na ɗaga kai na duba gabas, wajen garinmu, sai na hango wani ɗan gajimare. Ban nuna wa Yaya ba, amma na ga ta gani.

Da muka ƙetare Baƙin Kogi sai muka tsaya cik. Daji ne wanda itatuwansa suka tokari sama, kuma kowane itace, tun daga saiwa har inda ido ya gaza, sanye yake da farin mayafi kamar an yi masa lifafa. Ruwa yana ɗiga daga ganye ba dare ba rana, yana gangarewa a kan saƙar bai jiƙa ta ba. Shi ne Farin Daji. Masaƙansa baƙaƙe ne, manya, sun kai rabin ɗan yatsa. Mazansu suna da fukafukai masu taushi da ke lanƙwashewa ta kan kai in suna gudu da baya, matan kuwa ba su da fiffike, kamar dai namu. Yaya ta ɗora wasu a kan ɓawon dumɓa, nan take suka kama cin gansakuka suna saƙa. Na zube ƙasa na yi sujada. Muka cika gora da su, muka juya.

Ba mu yi nisa ba sai daji ya yi tsit. Tsuntsaye suka daina kuka. Sai ga ɓeraye da ƙadangaru da macizai suna wuce mu a guje, ba wanda ya kula da ɗan'uwansa. Daga bayansu muka ji wata ƙara kamar ana zuba tsaba a kan busasshen ganye. Kwarkwasa ce, amma ba irin wadda kuka sani ba, kowace ɗaya ta kai fara girma, sun rufe ƙasa baƙi ƙirin daga dama har hagu. Muka ruga wajen kogi, muka tarar sun riga sun datse hanyar. Na kama itace zan hau, Yaya ta fizgo ni, ta nuna mini yadda suke hawa itatuwan su ma. Amma ta lura da wani abu da tsoro ya hana ni gani: a kan mayafin suke tafiya, ba sa huda shi, masaƙan suna nan lafiya a ƙarƙashi.

Akwai wani ƙaton itace da saiwoyinsa suka tashi kamar bango, saƙa ta rufe tsakaninsu ta yi kamar rumfa. Yaya ta yanka ta daga ƙasa, ta tura ni ciki, ta shigo, muka ja bakin mayafin muka danne shi da jikinmu. Wurin bai ishe mu ba. Ta ce in rungume gorar in dunƙule, kada in motsa ko me na ji.

Sai suka iso. Hasken da ke ratsa mayafin ya dusashe, ya koma duhu da tsakar rana. Ina ganin ƙafafunsu ta cikin zaren, tazarar yatsa daga idona, mayafin yana lotsawa saboda nauyinsu har yana taɓa goshina. Masaƙa suna yawo a wuyana da cikin kunnena, ban isa in sosa ba. Na ji jikin Yaya ya sandare a bayana, numfashinta yana fita da ƙyar, ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Na raɗa mata, na ce me ya faru. Ta matse hannuna har ƙashi ya yi ƙara. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Da haske ya dawo muka fito, sai na ga abin da ta ɓoye mini. Akwai gibi a ƙasan mayafin inda ta yanka, ita kuma da ƙafarta ta hagu ta toshe shi. Tun daga yatsu har idon sawu babu fata.

Wata mata mai ɗiban zuma, Kyauta, ita ta tsince mu a bakin kogi ina goye da Yaya. Ta kai mu bukkarta a ƙetare, ta wanke ciwon, ta shafa zuma, ta naɗe shi da saƙar masaƙa. Da ta leƙa gorarmu sai ta girgiza kai, ta ce baƙaƙen nan ba su taɓa rayuwa a wannan gefen kogin ba, iskar da babu ruwa a cikinta kashe su take yi. Na ƙi yarda. Na yi ta yayyafa musu ruwa, ina rufe gorar da ɗanyen ganye, ina buɗewa ina dubawa har Kyauta ta ce dubawar ma tana cutar da su. Kafin zazzaɓin Yaya ya sauka sun daina saƙa, sannan suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Na zazzage gawarwakinsu a bayan bukka, na zauna a wurin na kasa tashi. Yaya ta ba da ƙafarta a kan abin da ba zai kai ko rabin hanya ba.

Kyauta ta zo ta zauna kusa da ni. Ta tambaye ni kamannin namu da suka mutu, na faɗa mata: ƙanana ne, launin ƙasa-ƙasa, da ɗan fari a wuya, saƙarsu shara-shara. Ta tambayi yanayin garinmu, na ce rani mai tsawo, damina mai ƙarfi. Sai ta nuna wasu tuddai a arewa, inda dajin yake ƙarewa, itatuwa suke zubar da ganye da rani. Ta ce ta taɓa ganin masu farin wuya a can tana bin ƙudan zuma, amma ba su da yawa, kuma iyakarsu ke nan, ba su gangarowa daji, ba su shiga hamada.

Na bar Yaya a hannun Kyauta na hau tuddan ni kaɗai. Na duba itace bayan itace har wuyana ya ƙage, hadari kuma kullum da la'asar sai ya taso daga gabas ya yi duhu ya watse. A jikin wani tsohon itace mai kaushin ɓawo na sami saƙa shara-shara, faɗin faifai. Na taɓa, suka ruga da baya, na ga farin wuya. Na ɗora su a ɓawon dumɓa, suka kama ci kamar a gidansu aka haife su. Wannan karon ban yi murna ba. Na ɓare ɓawon da suke kai gaba ɗaya na sa a gora, na gangaro.

Yaya ta karɓi gorar tana kishingiɗe, ta sa a fito da ita haske. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta kira ni ta nuna mini wani ɗan ƙullutu mai duhu a bayan wuyan ɗaya daga cikinsu. Kyauta ta ce tsutsar wani ƙaramin zanzaro ce, tana manne wa masaƙi ta tsotse shi har ya mutu, sannan ta fashe ta zama zanzaro ta nemi wani. Shi ya sa ba su yawa a tuddan. In muka kai ta Maɗaura, mun kai wa masaƙan ajalinsu tare da su.

Yaya ta ɗauki tsinke ta fara tsincewa. Duk mai ƙullutu ta fitar, duk wanda take shakka ta fitar. Ina tsaye a kanta ina cewa wannan lafiyarsa lau, ta bar shi, ita kuwa ba ta ko ɗaga kai. Da ta gama, abin da ya rage uwa ce guda ɗaya, kwance a kan tarin ƙwanta a cikin wata tsaga, ta lulluɓe su da zare.

Na ce, "Yaya, in ta mutu fa?"

Ta ce, "In ta mutu sai mu dawo. In muka kai tsutsa, babu amfanin mu dawo mu sake ɗauka."

Kyauta ta haɗa mu da masu kwalekwale da ke gangarawa Baƙin Kogi, ta ce kogin yana kewaye hamada ya bi ta gefen ƙasarmu. Muna cikin jirgi ruwan farko ya sauko, da iska mai ƙarfi har igiyar ruwa tana shigowa ciki. Na tura gorar cikin rigata na kife a kanta, duk da haka da iska ta lafa na ji ruwa yana motsi a cikinta. Na kasa buɗewa, na miƙa wa Yaya. Ta tsiyaye ruwan, ta leƙa, ta ce ɗigon ruwa ne tsaye a kan saƙar kamar duwatsun wuya, uwar tana ƙarƙashi a bushe.

Amma ruwan kogi ya shiga ciwon Yaya. Kafin mu kai mashigin da za mu sauka ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana wari. Daga mashigin zuwa Maɗaura tafiya ce mai nisa a ƙasa, babu jaki babu raƙumi a ƙauyen da ke bakin mashigin, damina kuwa ta riga ta kankama. Na ce zan goya ta. Ta ce in na goya ta, kafin mu isa babu itacen da za a ɗora uwar a kai. Na ce to mu jira ta ji sauƙi. Matar wanzamin ƙauyen tana tsaye da ruwan zafi, mijinta yana wasa aska, na san abin da za su yi wa ƙafar da zarar na ba da baya.

Yaya ta ce, "Korau, tun kana ƙarami ban taɓa aikenka ka ƙi ba. Ɗauki gorar nan ka tafi."

Na ɗauka na tafi. Ban kai ƙarshen ƙauyen ba na ji muryarta sau ɗaya, na toshe kunnena da hannu guda, ɗayan yana riƙe da gora, na ƙara sauri.

Abin da na tarar a Maɗaura ya fi abin da na ji tsoro. Itatuwan da ke kwari duk sun yi kore shar da gansakuka, ɓawonsu yana saɓulewa in ka taɓa, wasu gidaje har sun ɗaure kaya sun yi ƙaura. Na kan tudu ne kaɗai suke da sauran lafiya. Mutane suka taru suna leƙen gorar, da suka ga abin da ke ciki sai wani ya tambaya ko sauran suna hanya tare da Tasalla. Inna Barmani ta kore su, ta sa na hau itacen da ya fi lafiya, na ɗaure ɓawon a inda reshe ya kare shi daga ruwa.

Uwar ta ƙi fitowa. Kullum da sassafe in hau in duba, ba abin da ya sauya. Na rasa ko tana raye, ba kuma halin in buɗe saƙar in gani. Na daina cin abinci sai Inna ta tsare ni. Ina tsoron barin itacen, ina tsoron abin da ke faruwa a mashigi. Ran nan na hau, rana tana fitowa, sai na ga wani siririn zare yana ƙyalli, ya tashi daga baƙon ɓawo ya kama jikin dumɓa. A ƙarƙashinsa ga wasu 'yan mitsi-mitsi farare, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna bin uwarsu a jere. Na jira har saƙar ta kama sosai, na damƙa itacen a hannun Inna da waɗanda aka sa tsaronsa, na kama hanyar mashigi ko gida ban shiga ba.

Ba duka itatuwan aka ceto ba. Na kwari sun mutu, mun sha yunwa a shekarar da wadda ta biyo ta. Amma na tudu sun tsira, daga itacen nan guda aka yi ta ɗiban iri ana kai wa sauran, har garin ya koma fari.

Yaya kuwa a hanya na gamu da ita, nesa da mashigi. Na hango wata mata tana dogara sanda, tana jan jiki, ta rame har ban gane ta ba sai da na matso. Ƙafar hagu an yanke ta daga idon sawu, an naɗe da tsumma. Ashe tun da ta iya tsayuwa ta sulale daga gidan wanzami. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, ta riga ni.

Ta ce, "Uwar ta fita?"

Na ce ta fita, ƙwan sun fashe, sun fara saƙa a jikin dumɓa.

Ta ce, "Kamar yaya girman saƙar?"

Na buɗe tafin hannuna na nuna mata. Ta saki sandar ta zauna a tsakiyar hanya, ta kama hannun nawa ta shimfiɗa shi a kan gwiwarta, tana auna faɗinsa da yatsunta. Sai da ta auna ya ishe ta, sannan ta share fuskarta da bakin zane, ta ce in juya in durƙusa, yanzu kam ta yarda in goya ta.

Iyakar abin da na gani ke nan na faɗa muku. Allah ya sa mu gama lafiya.